Babba da Tubalan Wasa: Shin Girma Ya Faɗi?

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu wata gardama ce da ta ɓarke a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, wani dare bayan mun dawo daga karatu. Wani abokin karatunmu ne ya nuna mana hoton bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne mai furfura, wanda a ƙiyasina ya ba hamsin baya, yana zagayawa da masu kallo cikin wani ɗaki na gidansa da ya cika maƙil da gine-ginen 'yan tubalan roba irin na kamfanin Lego. Ga jiragen ruwa, ga fadoji, ga tashar jirgin ƙasa, ga kuma waɗansu kwalaye jibge har rufi waɗanda ko buɗe su bai taɓa yi ba. Yana bayani yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Ɗaya daga cikinmu ya kwashe da dariya ya ce, "Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki." Wani kuma ya ce ai ƙoshi ne kawai, da yunwa ta taɓa shi da bai yi ba.

Ni dai a daren nan ban ce uffan ba, domin ban san kan al'amarin ba, ga shi kuwa an ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Amma abin ya tsaya mini a rai, har na bi diddiginsa. Ra'ayin da na tsaya a kai, wanda kuma zan yi ƙoƙarin karewa a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, shi ne cewa babu abin kunya ga babba ya zauna ya yi gini da tubalan wasa. In akwai abin zargi a ɗakin mutumin nan, to, yana cikin kwalayen da bai buɗe ba.

Asalin Tubalan

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake magana a kansa. A wani ƙaramin gari mai suna Billund, cikin ƙasar Denmak ta arewacin Turai, an yi wani kafinta wai shi Ole Kirk Christiansen. A 1932, sa'ad da karayar tattalin arziki ta game duniya, aikin gini ya yi ƙaranci, sai ya koma sassaƙa kayan wasan yara na katako. A 1934 ya raɗa wa sana'arsa suna Lego, daga waɗansu kalmomi biyu na harshen ƙasarsu masu ma'anar "yi wasa da kyau". A 1947 ya sayi injin zuba narkakkiyar roba, a 1949 kuwa ya fitar da tubalansa na farko, waɗanda aka kwaikwayo daga na wani Baturen Ingila, Hilary Page, mai kamfanin Kiddicraft.

Tubalan farkon nan suna da 'yan maɓallai a bisa, amma cikinsu fayau yake, saboda haka ba su kama juna sosai, gini yakan rushe da an ɗan taɓa shi. Ɗan kafintan, watau Godtfred, shi ya yi rajistar gyaran da ya warware matsalar ran 28 ga Janairu, 1958. An sa waɗansu 'yan bututu a cikin tubalin daga ƙasa, ta yadda maɓallan na ƙasa za su matse tsakanin bututun da bangon na bisa. Da haka tubali ya riƙe ɗan'uwansa gam, amma kuma yaro yana iya ɓamɓare shi da yatsa. A 1960 gobara ta cinye ma'ajiyar kayan katako, kamfani ya bar katako ɗungum. A 1963 aka koma amfani da wata roba mai ƙarfi da ake kira ABS, wadda ba ta saurin lanƙwashewa.

Abu biyu suka biyo bayan wannan gyara, kuma su ne ginshiƙin sha'awar manya. Na farko, ba a sake awon tubalin ba, don haka wanda aka zuba a 1958 yana shiga cikin wanda aka zuba bana daram. Kayan wasan uba suna haɗuwa da na ɗa, har da na jika. Na biyu, hanyoyin haɗa su sun wuce ƙirgen yatsu. Wani masanin lissafi na Jami'ar Kopenhagen, Søren Eilers, ya sa kwamfuta ta ƙirga, aka tarar tubala shida kacal, masu maɓalli takwas-takwas kuma launi ɗaya, ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765. In shida sun ba da wannan, ina ga dubu?

Yadda Manya Suka Shigo

Yaran Turai da Amurka da suka tashi da waɗannan tubala sun girma. Galibinsu sukan watsar da su a shekarun samartaka, don gudun dariyar tsara. Su da kansu suna kiran wannan lokaci "zamanin duhu". Can bayan mutum ya yi aure, ko ya sayo wa ɗansa saiti ɗaya, ko ya ci karo da tsohon kwandonsa a gidan iyaye, sai tsohuwar sha'awa ta motsa. Da intanet ta bazu a shekarun 1990, waɗannan mutane suka gane ashe suna da yawa. Suka kafa ƙungiyoyi, suka shiga shirya taron baje kolin gine-ginensu. A 2000 wani daga cikinsu, Dan Jezek, ya buɗe kasuwar intanet da aka sani da suna BrickLink, inda mutum zai sayi ƙwayar tubali ɗaya tak da ta ɓace masa daga wata uwa duniya.

Da fari kamfanin bai ɗauki waɗannan manya da muhimmanci ba. Sai da ya tafka hasara a 2003 da 2004, har ya kusa durƙushewa, aka naɗa Jørgen Vig Knudstorp shugaba, mutum na farko da ya riƙe muƙamin ba daga zuriyar kafintan ba, sa'an nan aka fara sauraronsu sosai. Daga nan manyan saiti suka yi ta fitowa. A 2008 an fitar da Taj Mahal na Indiya mai guda 5,922. A 2020 aka yi dandalin Kolosiyam na Roma mai guda 9,036, a 2021 jirgin ruwan Titanic mai guda 9,090, a 2022 kuwa hasumiyar Eiffel ta Faransa mai guda 10,001, wadda tsawonta ya kusa mita ɗaya da rabi. Tun 2020 kamfanin ya shiga buga wa irin waɗannan kwalaye alamar shekara 18 zuwa sama, watau ya fito fili ya ce manya yake nufi. Har ila yau akwai tsarin da ake kira Lego Ideas, inda mai sha'awa zai gabatar da ginin da ya ƙago. In mutum 10,000 suka goyi bayansa kamfani zai duba, in kuwa aka karɓa aka sayar, a ba shi kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin.

Waɗansu ma abin ya zame musu sana'a. Nathan Sawaya lauya ne a birnin New York, ya ajiye aikin lauya a 2004 ya koma yin siffofin mutane da tubalan wasa, kuma tun 2007 ake yawo da ayyukansa ana nunawa a ƙasashe daban-daban.

Girma da Wasa

To, mu koma ga dariyar abokina. A tunanin Bahaushe, babba mutum ne mai kamun kai, wanda ba a ganinsa cikin shirme. In aka ce abu "wasan yara ne", an raina shi ke nan. Ban ƙi wannan ba, kamun kai ado ne. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, manyanmu ba su wasa? Wanda ya taɓa wucewa ta gindin bishiyar 'yan dara da la'asar ya ga dattawa masu iyali sun duƙufa a kan gurabu talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ana musu ana tafawa har magariba ta kawo jiki. Akwai magidantan da suka san kowace tattabara a ɗakin tattabarunsu da kamanninta da asalinta. Akwai mai doki da zai kashe wa kayan doki abin da bai kashe wa rigarsa ba. Mu kanmu ɗalibai, sa'a nawa muke ɓatarwa a gidan kallon ƙwallo, muna ihu a kan wasan da waɗansu suke yi a wata nahiya? Ba wanda ya ce girman waɗannan ya faɗi. Ashe abin da ya ba mu dariya ga Baturen nan baƙuncin wasansa ne, da kuma ganin cewa yara ma suna yin irinsa.

Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya wallafa littafi a 1938 mai suna Homo Ludens, inda ya kafa hujja cewa wasa ya girmi al'ada, kuma daga cikinsa abubuwa da yawa na al'ada suka tsiro. Mu da muke nazarin Hausa bai kamata wannan ya zame mana baƙon zance ba. Kacici-kacici wasa ne, karin magana da salon magana akwai wasa a cikinsu, tashe wasa ne, wasan barkwanci tsakanin taubasai ko tsakanin garuruwa kuwa manya ne ma suka fi yin sa. Wanda ya ce wasa na yara ne kaɗai ya rushe rabin abin da muke karantawa a wannan sashe.

Bugu da ƙari, akwai abin da gini yake ba mutumin zamani wanda aikinsa ya hana shi. Manomi in ya kai ƙarshen gona yakan waiwaya ya ga kunyoyin da ya tayar. Maƙeri yakan ɗaga fartanyar da ya ƙera ya jinjina ta. Amma ma'aikacin ofis zai wuni gaban kwamfuta, ya tashi bai ga abin da hannunsa ya yi ba. Irin wannan mutum in ya dawo gida ya baje tubala dubu tara a tebur, ya yi makonni yana ɗora ɗaya bisa ɗaya, in ya yi kuskure a shafi na arba'in bai gane ba sai a shafi na ɗari ya warware ya sake, to, yana koyon haƙuri da natsuwa, a ƙarshe kuma ga abu a gabansa da zai nuna ya ce shi ya yi. Ban ga ta inda wannan ya fi zaman gulma a bakin titi zubar da girma ba.

Game da mai cewa ƙoshi ne, yana da gaskiya ta wani ɓangare. Babban saiti ɗaya yana cin ɗaruruwan daloli, kuɗin da zai ciyar da gida guda na tsawon lokaci a wurare da yawa na duniya. Sai dai tsadar ta kayan ce, sha'awar gini kuwa ba ta san mai kuɗi da talaka ba. Wane ne cikinmu, in dai a karkara ko a tsohuwar unguwa ya tashi, bai ɓare karan dawa ya yanka totuwa ya soke ya haɗa mota ba, ya fafe sakaina ko tsohon silifa ya yi mata ƙafafu? Wa bai gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi a kan ƙafarsa da damina ba? Abin da ke motsa yaron nan shi ne ke motsa Baturen, bambancin kawai shi Baturen bai bari an kashe masa shi ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, ba zan wanke masu wannan sha'awa gaba ɗaya ba, domin ba ɗaya suke ba. A ganina sun kasu uku. Akwai mai ƙagowa, wanda zai zube tubala ya gina abin da ke cikin kansa, ba tare da kowa ya zana masa ba. Akwai mai bin littafi, wanda zai sayi saiti ya bi ɗan littafin jagora shafi-shafi har ya gama, ya ɗora a kanta. Sa'an nan akwai mai ɓoyo, wanda zai sayi saiti ya adana shi a rufe, yana tsoron ko kusurwar kwalin ta lotse. Na farko magini ne. Na biyu almajirin magini ne, kuma ba laifi, da koyo akan iya. Na uku fa?

Dalilin ɓoyon a fili yake. Kamfani yakan daina yin kowane saiti bayan 'yan shekaru, daga nan sai farashinsa ya tashi a hannun 'yan kasuwa, kuma wanda ba a buɗe ba ya fi tsada nesa. Wata mai bincike a wata babbar makarantar nazarin tattalin arziki ta birnin Mosko, Victoria Dobrynskaya, ta bi farashin saiti fiye da dubu biyu na tsakanin 1987 da 2015, ta tarar a matsakaici darajarsu tana ƙaruwa da kimanin kashi 11 cikin ɗari a shekara. Da jin irin wannan labari, mutane da yawa suka mai da kayan wasa jari.

Amma wannan jari igiyarsa tana hannun wani. Alal misali, a 2007 kamfanin ya fitar da wani jirgin sama jannati na fim ɗin Star Wars mai suna Millennium Falcon, mai guda fiye da 5,000, a kan dala 500. Da aka daina yin sa, farashinsa ya haura dubban daloli. Kwatsam a 2017 sai ga sabo ya fito, mai guda 7,541, a kan dala 800, ya fi na da yawan 'ya'ya da kyau, darajar tsohon ta sauka. A shekarar nan kuma aka sake fito da Taj Mahal. Daɗin daɗawa, a 2019 kamfanin ya saye kasuwar BrickLink ɗin da masu sha'awa suka kafa da kansu. Watau mai yin kaya, mai yanke ranar daina yin su, mai ikon sake fito da su, shi ne kuma ya mallaki babbar rumfar da ake sayar da tsofaffinsu. Mai ɓoyo yana ganin kansa mai wayo, alhali a tafin hannun kamfani yake rawa.

Wani zai ce ai mu ma muna da irin wannan tari, ga jeren iyayenmu mata. Gaskiya ne, tun daga zamanin ƙorai da tasoshi, zuwa kwalla da fanteka, zuwa tangaran a kabad, mace takan tara kayan da ba ta ci a ciki ba ta sha a ciki, kuma dukiya ce da za ta iya sayarwa ran da ta shiga matsi. Wannan ma ya isa ya hana mu yi wa Bature dariyar tara abin da ba ya amfani da shi. Amma a lura, jere a buɗe yake, an yi shi don ido ya gani, baƙuwa ta shigo ta yaba, kuma sau da yawa daga cikinsa ake cire na ɗiya ran da za a kai ta ɗakinta. Kwalin da aka liƙe kuwa ko mai shi bai ga abin da ke ciki ba, kuma ɗansa na cikinsa ba shi da ikon taɓawa. Kayan wasan da aka hana yaro taɓawa, aka kuma hana kai, sunansa kaya kawai, wasan ya riga ya mutu.

Kalmar tubali kanta ta isa ta koya mana wannan. Tubalin Bahaushe curin ƙasa ne da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, ba shi da wata daraja in yana zube. Da irinsa ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ginin da masana fasahar gini suke ta nazari har yau. Ba a tuna Babban Gwani don yawan tubalan da ya tara, ana tuna shi don abin da ya tayar da su.

Akwai kuma wani nauyi da ke kan mai tari. Ƙarfin robar nan da ya sa jika yake gadon tubalan kakansa, shi ne ya sa ba ta ruɓewa in ta zama shara. A 1997 igiyar ruwa ta bugi wani jirgin dakon kaya mai suna Tokio Express a kusa da gaɓar Cornwall ta Ingila, wani sunduƙi mai ɗauke da kayan Lego kusan miliyan biyar ya faɗa teku, aka yi shekaru fiye da ashirin ana tsintar su a bakin ruwa. Masu bincike a Jami'ar Plymouth sun ƙiyasta a 2020 cewa tubali ɗaya yana iya yin shekara 100 zuwa 1,300 a cikin teku. Abin da zai daɗe haka a duniya, mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne a yi amfani da shi, ya bi hannu da yawa.

Abin da Ya Shafe Mu

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da kafintan Denmak? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Waɗancan mutane sun ɗauki wasan ƙuruciyarsu da daraja, har sun san shekarar da kowane saiti ya fito da lambarsa da yawan 'ya'yansa. A Billund an buɗe wani gida na musamman a 2017, mai suna Lego House, inda aka adana tarihin abin tun daga kayan katako. Mu kuwa, da yaro ya fara tsiro gemu sai mu ce masa ya girma, ya yar da motar kara, kuma ba wanda zai sunkuya ya ɗauka ya ajiye. Muna rubuta kundaye a kan waƙoƙin gaɗa da tatsuniyoyi, wannan kuwa abin yabo ne, amma abin da hannun yaro ya ƙera mun bar shi ga gara. Mu nawa ne a ajinmu za su iya kawo sunayen sassan motar kara, ko su bayyana yadda ake haɗa ta daga farko har ƙarshe? Kalmomin da ke tattare da wannan fasaha suna tafiya tare da ita, ga kuma kayan roba na kanti da wayar hannu sun cika hannun ƙannenmu.

Saboda haka ina ba da shawara ga 'yan'uwana masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai, su dubi wannan fage. A je ƙauyuka a zauna da yara da waɗanda suka taɓa zama yara, a ɗauki hoto, a rubuta sunaye da matakai, a karɓo samfuri a ajiye a sashe. In kuwa wani malami ko ɗalibi ya ga dama ya zauna ya haɗa motar da hannunsa don ya gane yadda take, kada mu yi masa dariyar da muka yi wa Bature.

Kammalawa

A taƙaice, na yi ƙoƙarin nuna cewa sha'awar manya ga tubalan wasa tana da tushe a cikin yadda aka ƙera tubalan da kuma cikin halin ɗan Adam, kuma mu da muke da dara da tattabaru da jere ba mu da bakin yin dariya. Na kuma nuna cewa sha'awar takan lalace sa'ad da tari ya rinjayi gini, mai wasa ya koma mai tsaron kwali yana jiran farashi. Da zan haɗu da Baturen nan, da na gaishe shi da aiki a kan jiragensa da fadojinsa, sa'an nan in roƙe shi ya sauko da kwalayen nan ya yanke liƙinsu, ya kira jikokinsa su zauna tare. Wannan shi ne iyakar fahimtata, ƙofa kuma a buɗe take ga wanda yake da wani ra'ayi ya mayar da martani a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace.